Malam Yuguda Mai Waya da Zangon da Na'ura Ta Haɗiye

Da sunan Allah, Masanin abin da ƙasa ta rufe da abin da zukata suka manta.

Malam Yuguda Bafillace ne da aka haifa a bayan shanu, amma Allah bai ƙaddara masa kiwo ba. Mahaifinsa ya rasu a hanyar ƙaura yana goye. Wani kawunsa da ya zauna a Kafanchan ya ɗauke shi, ya koya masa Alƙur'ani da fikihu a zaure, ya kuma kai shi elemantare. Da ya isa mutum sai ya shiga aikin jirgin ƙasa, aka sa shi a ɗakin wayar tangaraho, inda saƙo yake zuwa da ƙwanƙwasar ƙarfe, mai aiki ya mayar da shi kalmomi.

Tsohon da ya hore shi a wannan ɗaki ya ɗora masa sharaɗi guda: saƙon mutane amana ne, ya shiga ta kunne ya fita ta yatsa, kada ya kwana a zuciya. Yuguda ya riƙe wannan har ya zame masa ɗabi'a. Yana iya buga labarin rasuwar wani da safe, ya haɗu da mai gidan a kasuwa da yamma, ya gaishe shi da fara'a, domin da gaske bai san abin da yatsunsa suka rubuta ba. Aikin ya bar masa wani abu kuma, wato karkarwa a hannun dama, wadda ta hana shi riƙe alƙalami ko da yake ba ta hana yatsunsa danna abu ba.

A shekarar 1987, shekarar da garin ya ga tashin hankalin da mutanensa ba sa son tunawa, aka rage ma'aikata, aka rufe ɗakin waya, Yuguda ya koma gida. Kafin nan da 'yan shekaru cutar bushiya ta share garken danginsa, mahaifiyarsa Nene ta baro ruga ta tare a wurinsa da ƙwaryarta da tabarmarta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, domin shi ne ɗan fari. Ba ta kuma taɓa ambaton mijinta ba, ko da suna ko da laƙabi. Saboda wannan kunya ta Fulani, Yuguda ya kai shekarun furfura bai san inda kabarin mahaifinsa yake ba, kuma ba shi da bakin da zai tambaya. Babban burinsa a duniya shi ne ya tsaya a kan wannan kabari ya yi addu'a kafin shi ma a rufe shi.

Ƙofa ɗaya ce ta rage masa. Idan damina ta faɗi, ƙamshin ƙasa ya shigo ɗaki, Nene takan zauna da hantsi ta fara magana da Fillanci kamar mai yi wa kanta hira. Ba labarin mutane take bayarwa ba, labarin shanu ne: wadda ta haifi wadda, burtalin da aka bi, mashayar da aka tsaya, zango bayan zango tun daga gindin duwatsun Kagoro inda aka kai ta aure. Mutane suna shigowa labarin ne kawai ta gefen shanu. Yuguda ya gane cewa idan ta bi hanyar nan har ƙarshe, dole ta iso zangon da mai garken ya kwanta bai tashi ba. Sai dai ba ta tsallake, ba ta kuma maimaitawa, kuma idan ya juyo ya dube ta sai ta yi shiru kwana da kwanaki. Kowace damina daga farko take somawa, rani ya riske ta a tsakiyar hanya, ta bari.

Ya gwada rikoda. Da ta ga kaset yana juyawa sai ta rufe bakinta da gefen zane, ta ce ba ta yarda muryarta ta riƙa yawo a duniya bayan an binne ta ba. Ya aro tafireta, ƙararta ta kore maganar kamar yadda jifa ke korar tsuntsu. Ya gwada sauraro da zuciya kawai, sai ya tarar sunayen rafuka da tuddai sun fi ƙarfin kan da aka hore shi a kan mantuwa. Haka damuna ta bi damuna.

Yana da amini tun zamanin tasha, Ezekiyel, mutumin Kagoma, wanda ya yi aikin lantarkin sigina, ya koma gyaran rediyo a bakin kasuwa. A farkon daminar 1996 Ezekiyel ya shigo gidan da kwali a bayan babur. Wani aikin gona na Turawa ne ya ƙare a wajen Kachia, aka zubar da tsofaffin kwamfutoci, shi kuwa ya haɗa biyu masu rai daga gawarwakinsu, ya riƙe ɗaya, ya kawo ɗaya.

"Oga Waya, taɓa nan ka ji," in ji shi, yana tura masa madannai. "Ba ƙara. Kamar yayyafi a kan ciyawa. Mama ba zai ma san kana rubutu ba."

Yuguda ya danna, ya ji laushin, zuciyarsa ta motsa. Amma na'urar fanko ce. Ezekiyel ya bayyana masa cewa kwamfuta ba ta aiki sai da manhajar da ke tafiyar da ita, kamar yadda garke ba ya tafiya sai da makiyayi, kuma yana da kwafin wadda ake sayarwa, wani ya juya masa a Kaduna.

"Da izinin masu ita?" in ji Yuguda.

"Kai Fulani! Masu ita suna can bayan teku, ina za su san ka?"

"Allah ya san ni. Ba zan nemi kabarin ubana da kayan sata ba."

Ezekiyel ya yi tsaki, ya yi dariya, ya ce ai ya san haka zai ce. Sai ya zaro wani faifan sidi daga aljihu. Wannan, in ji shi, sunanta Linux, kuma masu ita da kansu suka ce kowa ya ɗauka, ya juya, ya ba wani, har ya buɗe cikinta ya gyara in ya iya. Wannan magana ta daɗe tana yawo a zuciyar Yuguda. Ya ga abin kamar littafin malaman da, wanda ake barin gefen takarda a buɗe domin mai zuwa ya yi sharhi, na bayansa ya yi hashiya a kan sharhin, kuma kowane layi an san hannun da ya fito. Bai taɓa zaton za a sami irin wannan a cikin ƙarfe ba.

Ana cikin ɗora manhajar sai ga Magdalene, ƙanwar Ezekiyel, mace mai shekaru arba'in da wani abu, malamar lissafi da ta yi ƙarin karatu a ƙasar waje. Ta gaida Nene har ƙasa, ta leƙa allon na'urar, ta taɓe baki.

"Yaya Malam, ka bari wannan mai gyaran rediyo ya sa maka tarkacensa? Akwai wadda ta fi ta, ita ma kyauta ce. FreeBSD."

"Ji suna kamar tari," in ji Ezekiyel. "Farfesa ta zo. Magda, naki yana cin kowane ciyawa? Nawa, ko wane irin ƙarfe ka haɗa masa zai gane shi. In ya ƙi, akwai mutane a Zariya, akwai a Jos, ka tambaya a faɗa maka. Naki fa, wa ya san shi a ƙasar nan in ba ke ba?"

"Naka garken haɗin gambiza ne, kowa ya kawo saniyarsa daga rugarsa, wata ba ta san wata ba. Nawa gandun gida ɗaya ne, hannu ɗaya ya shirya shi daga ƙofa har rumbu, littafin bayaninsa kuma a tsare yake. Kuma idan wuta ta ɗauke ba ya ruɗewa kamar naka."

"Yana tafiya kamar amarya!"

"Naka yana gudu kamar ɓarawon akuya."

Yuguda ya tambaye su sharaɗin da masu kowace suka gindaya. Ezekiyel ya ce tasa, duk wanda ya gyara ta ya raba wa mutane, dole ya bar gyaransa a buɗe kamar yadda ya same ta. Magdalene ta ce tata ba wannan dole, ka ɗauka ka yi yadda kake so, ko da rufewa za ka yi ka sayar, iyaka dai kada ka share sunan waɗanda suka rubuta. Malamin ya jinjina kai. Ya ce ta farko waƙafi ce, rijiyar da aka tsayar domin jama'a, ba mai ikon kewaye ta. Ta biyu kuwa hiba ce, kyautar da ta bar hannun mai ita gaba ɗaya. Ya ce kowace tana da lada, kuma bai ga wadda zai aibata ba. Da yake faifan cikin na'urar ƙarami ne, ba zai ɗauki biyu ba, kuma an riga an fara da ta Ezekiyel, sai aka bar ta.

Aka ajiye na'urar a ɗakin Nene, a jikin bango, yadda Yuguda zai zauna ya ba ta baya kamar mai wani aikin kansa. Kwanakin da suka biyo baya sun kasance mafi daɗin rayuwarsa. Ruwa yana sauka a kan kwano a hankali. Hasken allon kore ne kamar sabuwar ciyawa. Muryar tsohuwa tana tashi a bayansa, siririya, tana kiran saniyar nan Wule mai farar fuska da 'yarta Saige, tana haye rafi da ruwa iya ƙirji, maruƙa a kafaɗun maza. Yatsunsa suna tafiya, zuciyarsa babu komai, sai wani irin sanyi kamar na wanda ya yi barci a inuwa. Da la'asar yakan buɗe abin da ya rubuta ya karanta, sai ya zama kamar yau ne ya fara jin labarin. A nan ya ga garken ya sauko daga Kagoro, ya ratsa ƙasar Kagoma, ya yi rani a fadamar da ke kusa da Kwoi. A wannan daminar Nene ta wuce inda ta saba tsayawa. Amma jikinta yana raguwa, furar da take sha ba ta kai rabin ludayin da ba, kuma ya sani a ransa cewa wata damina ba tata ba ce.

Wata rana da la'asar ya kunna na'urar, ta daɗe tana bincike da gunaguni, da ya buɗe sai ya tarar aikin safiyar babu shi. Ya yi istirja'i, ya ɗauka wuta ce. Bayan 'yan kwanaki abin ya sake faruwa, wannan karon ya fi muni, domin rubutun mako guda ne ya ɓace har da sunan da ya adana shi da shi. Ya zauna yana duban allon, yana laluben zuciyarsa ko zai sami ko da sunan rafi ɗaya, bai sami komai ba. Abin da na'ura ta manta, shi ma ya manta.

Magdalene ta zo ta shiga wani lungu a cikin na'urar inda manhajar take tara tsintuwa, ta haɗo guntaye, ta ceto mafi yawansa. Sannan ta juya ga yayanta.

"Na faɗa maka. Garin da wuta ke zuwa kamar baƙo, ka sa wa mutum abin da ba ya jure duhu?"

"A shagona bai taɓa yi ba," in ji Ezekiyel, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ubangiji shaida ne."

Yuguda ya ce a sauya. Amma a nan raunin manhajar Magdalene ya bayyana, domin ta ƙi gane abin karanta faifan sidi da ke jikin na'urar, wani mai araha da Ezekiyel ya ciro daga wata gawar. Dole aka koma juya manhajar a ƙananan faifai, ana kai su ana kawowa daga shago, wasu su lalace da danshin damina a sake. Aikin da aka zata na yini ne ya ci kwanaki. Nene kuwa ba ta jira kowa ba. Hantsi ya yi, ta ɗora daga inda ta tsaya. Yuguda ya zauna gaban mataccen allo, ya ba ta baya, yana ƙoƙarin riƙe kalmominta da ƙarfi, suna zubewa kamar ruwa a kwando. Abin da ya tsira da shi kaɗan ne: garken ya doshi Kachia, ya iso wani tudu da rafuka biyu suke fitowa daga gindinsa, ya bi ɗaya. Wanne, na gabas ko na yamma, wannan ya tafi.

Sabuwar manhajar ta zauna. Takan yi nawa wajen wasu ayyuka, amma ba ta gigicewa. Yuguda ya ci gaba. Sai wata la'asar ya buɗe ya ga rubutun yana nan da sunansa, ba abin da ya tarwatse, amma layukan ƙarshe na safiyar sun yanke a tsakiyar kalma. Ezekiyel da ya ji ya tafa hannu.

"To Farfesa, amaryarki ma tana zubar da miya!"

Magdalene ta fita waje. Ta tambayi maƙwabta, suka ce wuta ba ta ɗauke ba ranar. Kashegari ta zo da hantsi, ta zauna a bakin ƙofa tana tsince wa Nene wake, tana lura da shi. Tsohuwa ta yi maganarta ta gaji, ta kwanta. Can ladan ya ɗaga murya da kiran Azahar. Kabbarar farko ba ta ƙare ba Yuguda ya danna adana, ya miƙa hannu jikin bango, ya kashe soket, ya sa takalmi.

"Yaya Malam!" Ta miƙe har wake ya zube. "Kullum haka kake yi?"

Ya tsaya yana mamaki. Haka yake yi, mana. Haka aka koya musu a tasha, kuma haka duk mai hankali yake yi a garin: ba a barin kayan wuta a kunne a fita, domin wuta tana iya dawowa da ƙarfi ta ƙone shi, balle da damina da tsawa. Kiran salla kuwa, tun yana saurayi bai taɓa barin ladan ya gama yana zaune ba, kuma sahun farko bai taɓa wuce shi ba.

"Je ka yi sallarka ka dawo," in ji ta. "Yau ni ce mai wa'azi."

Da ya dawo ta zaunar da shi, Ezekiyel ma ya iso. Ta ce idan ya umarci na'ura ta adana, takan ce to, amma ba nan take take kai damin rumbu ba. Takan riƙe a hannu na ɗan lokaci, ta tara, ta kai gaba ɗaya. Ta Ezekiyel har alamar wurin ajiyar takan riƙe a hannu, shi ya sa take da sauri, shi ya sa kuma idan aka yanke ta takan manta inda ta ajiye tsohon kaya ma. Tata takan fara kafa alamar tukuna, shi ya sa take nawa, shi ya sa ba ta ɓatar da tsohon kaya, amma damin ƙarshe ita ma a hannunta yake.

"Ba wadda za ta cece ka daga hannunka," in ji ta. "Kai da ba ka tashi daga zaure sai ka yi sallama, me ya sa ita kake ficewa ka bar ta da magana a baki? Akwai kalmar da za ka rubuta mata, ta sauke kayanta, ta ce maka ta gama. Sannan ka kashe."

"Ashe ba Linux ba ne mai laifi," in ji Ezekiyel yana washe baki. "Liman ne."

"Kai ma da ka gaya masa tun farko."

"Na ɗauka kowa ya sani!"

Yuguda bai yi dariya ba. Ya tambayi tsawon lokacin da wannan sallama take ci. Ta ce ba ta kai alwala ba. Ya san masallacin unguwarsu ba ya jinkiri tsakanin kira da iƙama, kuma tafiyarsa ta tsufa ce. Ya san kuma abin da ya karanta: lokacin Azahar yana da faɗi, sahun farko falala ce, kiyaye amana kuwa wajibi. Ilimin yana kansa tun da daɗewa. Hannunsa ne bai karanta ba. Kwanaki da yawa bayan haka sai ya riƙa rufe aikin tun kafin rana ta karkata, don kada a jarrabe shi.

Ranar da aka jarrabe shi, sama ta yi duhu tun safe ba ta zubar ba. Nene ta makara wajen farawa. Muryarta ta yi nisa kamar daga ƙasan rijiya. Yatsunsa suna bin ta, shi kuwa yana can cikin wannan sanyin da ba tunani a cikinsa, har wani abu ya taɓa shi, ba ma'anar kalma ba, sauyin sauti. Tsohuwar tana magana a hankali fiye da kullum, tana tsayawa tana haɗiyar numfashi. Rana ta karkata. Ladan ya yi kabbara, ita ba ta tsaya ba. Ya ji ƙafafun maƙwabta suna wucewa ta bayan taga. Ya ci gaba da bugawa. Ladan ya gama kira, ta ƙara 'yan kalmomi, ta yi shiru.

Ya danna adana. Hannunsa na dama ya tashi da kansa ya doshi bango, har ya ji sanyin makunnin a yatsa. Daga masallaci aka fara iƙama. Ya kama hannun da na hagu, ya dawo da shi cinya. Sannan ya rubuta kalmar da aka koya masa. Rubutu ya riƙa gangarowa a allon, layi bayan layi, faifan ciki yana ƙara kamar tsohuwa mai tattara ƙore. Ya ji liman ya yi kabbarar harama. Ya jira. Da na'urar ta ce ta gama, ya kashe, ya miƙe.

"An rufe?" in ji Nene daga bayansa. Wannan ne karo na farko da ta nuna ta san abin da yake yi.

"An rufe, Nene."

"To."

Ya sami raka'a biyu a sahun ƙarshe, kusa da takalma. Da la'asar ya kunna, ya karanta. Komai yana nan. Garken ya bi rafin kwana biyu zuwa wani mashigi da ke ƙarƙashin baƙin dutse, inda kanya take tsaye ita kaɗai a tsallake. A nan Wule ta ƙi kiwo, ta tsaya bakin bukka tana kuka tun safe. Da yamma maza suka ɗauki fartanya suka nufi gindin kanyar ta wajen alƙibla. Da gari ya waye wani ne ya kira shanun, kuma sun daɗe kafin su amsa masa. Iyakar abin da ta faɗa ke nan game da mijinta, kuma ba ta sake komawa labarin shanu ba. Ta rasu da kaka, ana haƙar citta.

Bayan addu'ar arba'in Ezekiyel ya buga rubutun a takarda a shagonsa, ya goya Yuguda a babur suka nufi Kachia. Suka sami tudun. Suka sami rafukan biyu. Suka bi na gabas, domin Ezekiyel ya ce makiyayi zai fi son gefen da ciyawa ta fi, har suka iso mashigi da baƙin dutse da tsohuwar kanya a tsakiyar gonar citta. Yuguda ya cire takalmi, ya fuskanci alƙibla, ya yi addu'a har hawaye ya jiƙa gemunsa. Mai gonar, wata dattijuwa mai suna Lucia, ta tsaya nesa har ya shafa. Da ta ji abin da ya kawo su sai ta ce, cikin tausayi, ai rafin yamma ma yana da irin wannan mashigi, da dutsensa da kanyarsa, gonar ƙanin mijinta ce.

Suka je. Haka yake. Yuguda ya buɗe takardun a inuwar kanyar ta biyu, ya sa yatsa a wurin da labarin ya tsallake, kwanakin da allo yake a mace. Ezekiyel ya buɗe baki zai ambaci ƙanwarsa da manhajarta, ya dubi fuskar amininsa, ya rufe.

Iska tana kaɗa busasshen ganyen cittar da ba a kai ga haƙa ba, wasu fararen balbelu suka sauka a bakin ruwa suka tashi. Sannan Malamin ya cire takalmi a karo na biyu, ya ɗaga hannu. Ya roƙa wa mahaifinsa gafara in a nan yake, in kuwa a can yake, to wanda duk yake kwance a nan, Musulmi ko waninsa da ƙasa ta rufe ba a san shi ba, Allah ne Ya san shi kuma Shi ne mafi jin ƙai.

Daga wannan shekara, duk kaka yakan je wuraren biyu a yini ɗaya, gabas da safe, yamma da la'asar. Masu gonakin suka daina noma gindin itatuwan ba tare da ya roƙe su ba. Iyalin Lucia suna cewa kabarin a wurinsu yake, na yamma suna cewa a nasu ne, kowane gida yana dafa masa doya domin ya tabbatar da maganarsa, shi kuwa yana cin ta nan, ya ci ta can, ya yi godiya, bai taɓa yanke musu hukunci ba har Allah Ya karɓi ransa. Allah Ya jiƙansa, Ya haɗa shi da iyayensa a inda ba a neman kowa.